Mai Ƙwanƙwasa Ƙofa

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aikin asibiti, ya gajiyar tsayuwa? Allah ya yi miki albarka. Mu nan lafiya lau muke, in dai mai cin ganye safe da yamma zai iya cewa lafiya lau yake.

Na koma rubuto miki ne saboda wayar nan ba ta yi mana rana. Ke kina magana da sauri kamar ana koro ki, ni kuma kunnen hagu ya yi ritaya ya bar ni, sai mu rabu kowa ransa a ɓace ba mu san a kan me ba. Direban motar safe ya ce ba komai, zai riƙa miƙa miki a ƙofar asibiti.

Na riƙe maganar da kika yi ranar da za ki koma. Kin ce likita ya ce jikin 'yarki, Takwarata, ya yi wa shekarunta nauyi, tana haki in ta hau bene, ga shi kuma ciwon suga ne ya ɗauki babanki. Kin ce in zangon karatun nan ya ƙare ba a ga sauyi ba, za ki ɗauke ta ta koma wajenki. Maganar ta zauna min a ƙirji. Yarinyar nan tun tana rarrafe take hannuna, tun da aiki ya kai ki nesa. In ta tafi, daga ni sai agogon bango za mu rage a gidan.

To ga abin da ake ciki. Iyayen layinmu sun haɗa kai da makaranta sun kafa kwamiti, don yara su riƙa motsa jiki su kuma ci abin kirki. An hana mai alewa tsayawa a ƙofar makaranta. An ce yaran layin su daina hawa mota, su riƙa tafiya da ƙafa a jere, malamin wasanni a gaba yana busa usur, shi ya sa suke ce masa Malam Mai Usur. Daga ƙofarmu yake farawa tunda mu ne a ƙarshen layi, ya bi gida-gida yana kwasar su kamar kaza da 'ya'yanta, in an tashi ya dawo da su haka. Ranar Asabar kuma tsalle-tsalle a filin bayan tankin ruwa. Ina cikin kwamitin, da ni da mai ɗinki da matar mai gyaran famfo, ungozoma ce shugaba, sai wasu da suke zuwa don a ce sun zo.

A gida kuwa na bi abin da kika ce tiryan-tiryan. Kaskon suya na kife shi a saman kabad. Sukarin gidan na tattara na kai wa ungozoma. Da safe dafaffen ƙwai da yankan biredi da shayi mai ɗanɗanon ruwan ɗauraye kofi. Da rana 'yar shinkafa da kabeji da karas, da yamma kifi da ganye. Abin da ta ci shi nake ci, don ba zan iya tauna nama tana kallon bakina ba. Ran farko ta ɗaga ganyen da cokali ta ce, "Kaka, akuya za ta zo cin abinci ne?" Na yi dariya, sannan na shiga kicin na share hawaye.

Ki kwantar da hankalinki, da yardar Allah za ki ga sauyi. Ki gaida abokan aikinki.

Taki,
Inna

*

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafa, ya kunnen? A tsaye nake rubutu a ɗakin canja kaya kafin a kira ni, ki yi haƙuri da rubutun.

Na ji daɗin takardarki, har na karanta wa wadda muke aiki tare zancen akuya. Sai ga saƙon Malam Mai Usur, wanda yake tura wa iyaye bayan awon nauyin yara na wata-wata. Inna, takwararki ƙaruwa ta yi. Duk yaran layin ko sun ragu ko suna nan yadda suke, ita kaɗai ce ta yi gaba.

Na juya abin ta kowace fuska na kasa gane shi. Yarinya tana tafiya da ƙafa safe da rana, tana tsalle ranar Asabar, tana cin kabeji, sannan ta ƙara nauyi? Aikina ke nan, na san jiki ba ya ƙirƙiro ƙiba daga iska.

Ba na son in ɓata miki rai, amma na san ki. Na san gwangwanin alewar nan na ƙarƙashin gado, na san yadda kike cewa ɗan wannan ai ba komai. In tausayi ne yake cin ƙarfinki ki faɗa min, ba zan yi faɗa ba. Amma ki tuna yadda Baba ya ƙare, ƙafa a naɗe, ido ba ya gani. Ina ƙarama a lokacin amma ban manta ba, kuma ba na son in ga 'yata ta kama hanyar.

Maganar ƙarshen zango tana nan yadda na faɗa. Ki shafa min kanta.

'Yarki,
Auta

*

Zuwa ga ɗana Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya ɗawainiya da yara? Allah ya ba da lada. Na san kullum muna haɗuwa a ƙofa, amma kana busa usur yara suna ihu, ba a yin magana mai nauyi a haka. Kuma ba na son Takwara ta ji.

Sikelin nan naka, lafiyarsa ƙalau kuwa? Ina tambaya ne don ya haɗa ni da 'yata. Ta rubuto tana zargina da ciyar da jikata a ɓoye. Gwangwanin da take magana a kai tun tuni na zazzage shi na zuba maɓallai. Ni da nake cin abin da yarinyar take ci, zobena sulluɓewa yake in ina wanke-wanke, zani sai na ƙara masa zagaye. Tukunya ɗaya, ludayi ɗaya, ni ina ramewa ita tana cika. Kai ka yi karatu, ka warware min wannan.

Na tambaye ta ko tana sayen wani abu a makaranta, ta juye min jakarta, ba komai sai littattafai da ɓawon lemo. Na tambaye ta ko ƙawaye suna ba ta, ta ce a'a. Yarinyar nan in ta yi ƙarya sosa hanci take yi, wannan karon kuwa hannayenta suna gefe.

Bari in faɗa maka abin da nake tsoro, don kada ka ɗauka rigimar tsufa ce. Uwarta ta ce in sikelinka bai sauka ba kafin hutu, za ta ɗauke ta. Saboda haka ka duba shi da kyau, ka buga shi in bugu yake so. In kuma a makaranta ne ake ɗura mata wani abu, ka sa ido.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka 'ya'ya masu jin magana.

Kakar Takwara

*

Zuwa ga mahaifiyarmu, Hajiya Kaka,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, na samu takardarki, na karanta da natsuwa, na kuma sake karantawa.

Da farko, game da sikeli. Ni ma shi na fara zargi. Na hau shi da kaina, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Na roƙi shugaban makaranta ya hau, ya faɗi abin da shugaban bai so ji ba, amma ya amince gaskiya ne. Na aro na kemis na gwada, bakinsu ya zo ɗaya. Saboda haka ina mai baƙin cikin sanar da ke cewa sikeli ba shi da laifi.

Na biyu, makaranta. Lokacin cin abinci kusa da ita nake zama. Abin da kika sa mata shi take buɗewa, sau da yawa ma ba ta cinyewa, takan miƙa wa na kusa da ita karas ɗin. Wannan ya ƙara ɗaure min kai.

Na uku, motsa jiki. A nan ina iya bugun ƙirji in ce babu yaron da ya kai ta. Tun makon farko, da na ga ita ta fi buƙata, na naɗa ta mai ƙwanƙwasa ƙofa. Wato in jeri ya tsaya a gaban gida, sauran yara suna jira a titi, ita ce take shiga ta fito da yaran gidan, in an taso kuma ta raka su har ciki. Gidan ungozoma akwai bene, gidan mai ɗinki akwai doguwar baranda, duk tana takawa. Takan ɗan jima a ciki, amma kin san yara da neman takalmi ƙafa ɗaya. Ban taɓa ganin yarinya mai son aikinta haka ba. Ranar da na ce ta huta wani ya karɓe ta, kuka ta sa min.

Na koma littattafan da muka karanta a kwaleji, ban ga irin wannan ba. Abin da na yanke shi ne a ƙara mata aiki. Daga gobe jerin zai biya ta layin baya, inda gidaje da dama suka nemi shiga shirin, kuma ita za ta ci gaba da shiga kowanne. Idan wannan bai yi ba, to gaskiya ban san abin da zai yi ba.

Ina roƙon ki sa mu a addu'a.

Ɗanki mai biyayya,
Malamin wasanni

*

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarki, na tura ta ƙarƙashin matashi sai da na huce, don da na amsa a ranar da ba ki ji daɗi ba.

Gwangwanin yana nan, maɓallai ne a ciki, in kin zo ki cinye su. Ban ba yarinyar nan ko ƙwayar sukari ba, Allah ne shaidata. Kabad ɗin ma na kulle shi na kai wa ungozoma makullin, na ce ko na zo ina roƙo kada ta ba ni.

Malam ya ƙara mata tafiya, yanzu har layin baya suke zagawa. An sake awo. Ta ƙara, Auta, har ta fi na wancan karon. Siket ɗin makaranta ya ƙi rufuwa, na kai wa mai ɗinki ta buɗa shi. Ta karɓa tana ta kallon kekenta, ta ce, "Girma ne, Inna, yara haka suke." Ko zama ban gama yi ba ta rako ni ƙofa kamar mai mura ta shigo mata.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na gidan ma ba ta ci. Da safe ta gutsiri ƙwan ta ture. In ta dawo na zuba mata, sai ta jujjuya cokali ta ce ta ƙoshi. Ƙoshi da me? Na fara tunanin ko kumburi ne, na danna ƙafarta da yatsa yadda kika koya min, naman ya dawo tsaf. Ga ta da ƙarfinta, tana wasa, tana waƙa a banɗaki. Ni ce dai jiri yake ɗiba in na miƙe.

Na rasa wanda zan gaya wa, sai matan kwamiti. Tun farkon zangon ma haka nake yi, in abin ya cika min ciki in je wajen wannan yau, gobe wajen waccan, in faɗa mata yadda yarinyar take kallon tukunya, in yi kukana in dawo. Duk mutanen kirki ne. Matar mai famfo har hawaye ta taya ni, ta ce in bar komai a hannun Allah, yarinya ba za ta zauna da yunwa a layin nan ba. Ban gane abin da ya kawo zancen yunwa ba, amma na ji sanyi a raina.

Na zauna na yi tunani, na ce ko jininku ne haka. Ke ba za ki tuna ba. Shekarar da babanki ya rasu ba komai a gidan nan, jinya ta cinye abin da muke da shi. Abin da nake sa miki a kwano ko kyanwa ba zai isa ba, shi ma sai ki tsakura ki ce kin ƙoshi, amma kumatunki kamar an hura. Mutane suna tsokana suna cewa maraicin ya karɓe ki. Ni kuwa na ce Allah ne ya sa wa tukunyata albarka. To ko albarkar ce ta dawo a lokacin da ba a neme ta ba?

Ki tambayi likitocinku ko sun taɓa ganin haka. Kuma ki ƙara mana lokaci, don Allah. Kaina ya kulle.

Taki,
Inna

*

Inna,

Ina gaisuwa. Na karanta, na kuma ba likitan yara labari. Ya ce yaron da ya ce ya ƙoshi, to ya ƙoshi ne, a nemo inda yake ci. Na ce masa an nema. Ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Ban ce kina ƙarya ba. Amma ina nesa, ke kina ce min ba ke ba ce, Malam yana cewa ba makaranta ba ce, sikeli kuma sai hawa yake. Ban san wa zan yarda da shi ba, kuma na gaji da rashin sani. Jiya ina tsaye a kan mara lafiya hankalina yana gida, sai da aka taɓa ni na dawo. A aikinmu wannan ba abin wasa ba ne.

Na samo mata makaranta kusa da inda nake. Ɗakin nawa ƙarami ne, kuma in ina aiki ita kaɗai za ta zauna a kulle, na sani. Amma aƙalla abin da na sa a firij shi za ta ci. Ranar da aka ba da hutu zan zo da motar safe mu juyo da ta yamma. Ki haɗa mata kayanta, har da takardar haihuwa.

Ki yafe min, Inna. Kuma don Allah ki daina cin abincinta, ba ke likita ya rubuta wa ba. Zancen jirin nan bai yi min daɗi ba.

'Yarki,
Auta

*

Autata,

Bayan gaisuwa. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, kada ki karanta a tsaye.

Na haɗa jakar yadda kika ce, tana bakin gado. Ban gaya wa Takwara ba, na ce mata kayan wanki ne. Shekaranjiya da safe da na ji usur, sai na ji ba zan iya tsayawa a ƙofa ina ɗaga hannu ba tunda kwanakin sun kusa ƙarewa. Na zura takalmi na bi jerin. Malam ya yi murna, ya ce yara su tafa wa Kaka. Takwara kaɗai ce ba ta tafa ba, ta yi tsuru-tsuru.

Gidan farko na mai ɗinki ne. Jeri ya tsaya, Takwara ta nufi ƙofa, na ce bari in bi ta in gaisa. Ta juyo tana sosa hanci ta ce, "Kaka, ki jira a nan, akwai rana a ciki." Rana a cikin ɗaki! Na bari ta shige, sannan na bi ta.

Na tarar da ita a kan wata 'yar kujera a bayan labule, faranti a cinya. Soyayyen ƙwai ne a cikin biredi da bota, ga shayi ya sha madara har ya yi kauri. Mai ɗinki tana tsaye a kanta tana cewa, "Yi sauri, 'yar albarka, kafin ya sake busawa." Da ta gan ni, cokalin hannunta ya faɗi.

Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce, "Inna, wallahi yau ne kawai."

Takwara ta ce da baki cike, "Na jiya da kifi ne."

Mai ɗinki ta zauna a kan tarin yadi. Ta ce, "Inna, ke ce fa kika zo nan kina kuka, kika ce yarinya tana kallon tukunya. Ni uwa ce, raina ya kasa ɗauka. Na ce ɗan abin karyawa daga gida ɗaya me zai yi mata? Ni kaɗai ce, ba wanda ya sani."

Na kama hannun yarinyar muka fita. A gidan matar mai famfo na ce mata, "Shiga yadda kika saba, ina bayanki." Soyayyen dankali ne, da lemon kwalba an riga an juye a kofi don kada a ji ƙarar buɗewa daga titi. Ita ma ta dafe ƙirji ta ce ita kaɗai ce, ba wanda ya sani.

Sai gidan ungozoma. Na hau benen nan ina haki ina cewa a raina, nan dai shugabar kwamiti ce, ita ta yi mana jawabi a kan sukari har tana buga tebur, ita na damƙa wa makullina. Auta, kek ne. Da kanta take gasawa, kuma da sukarin da na kai mata.

Ita ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Ni na karɓi haihuwar yarinyar nan, ba zan ga tana shan ruwan kabeji in naɗe hannu ba. Yanka ɗaya ne tak. Ai ni kaɗai ce."

Na ce, "Ke ce ta uku, kuma ba mu kai layin baya ba."

Layin baya ba sai na ba ki labari ba. Su ko kukan nawa ba su gani ba, labarinsa suka ji a shago. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta kama hannuna, ba ta san ko ni wace ce ba, ta ce, "Baiwar Allah, kin ji labarin muguwar kakar da take horar da yarinyar nan da yunwa?" Na ce na ji.

Duk wannan Malam yana titi yana sa yara tsallen kwaɗo. Da na gaya masa, ya cire hula ya mayar, ya ce, "To ai ni na ƙara mata gidajen." Ya zauna a kan dakali usur yana lilo a wuyansa, sai da yara suka tashe shi don an kusa rufe ƙofar makaranta.

Da ta dawo na zaunar da Takwara, na ce me ya sa ba ki gaya min ba? Ta ce, "Kin tambaye ni makaranta da ƙawaye, ba ki tambaye ni gidaje ba. Kuma kowacce ta ce kada in gaya wa Kaka, ranta zai ɓaci. Ni ba na so ranki ya ɓaci." Na ce to ba sai ki ce musu kin ƙoshi ba? Ta ce, "Ke kika ce in babba ya ba ni abu in karɓa da hannu biyu in gode."

Jiya kwamiti ya zauna a falona. Kowacce ta shigo tana hararar ta kusa da ita. Aka yi ta "ashe har da ke", aka yi faɗa, aka yi dariya, matar mai famfo ta sake kuka. An yanke cewa ƙwanƙwasa ƙofa za ta riƙa zagayawa a kan yara, kuma bibbiyu za su riƙa shiga. Wadda hannunta yake mata ƙaiƙayin kyauta ta yanka kankana ko lemo ta fito da shi titi, a ba kowa a gaban Malam. Ungozoma ta ce ba ta yarda ba sai an ware mata ranar kek, aka ba ta ranar hutu. Aka kuma ce duk mai hannu a abin nan za ta riƙa bin jerin da ƙafarta, wato dukkanmu. Yau da safe iyaye sun fi yaran yawa, Malam ya rasa wa zai busa wa.

Har yanzu ban san wa zan ɗora wa laifi ba. Malam don ta ragu ya tura ta, matan don ƙauna suka ba ta, yarinyar tarbiyyar da na yi mata ta bi, ni kuma na yi ta yawo da kukana gida-gida. Kowa yana ganin daidai ya yi, ga siket ya ƙi rufuwa.

Sikeli ba zai sauka kafin hutu ba, na sani, kuma ke kika kafa sharaɗi, 'yarki ce. Ba zan ɓoye miki ba, ba na so ta tafi. Jakar nan ko kallonta ba na son yi. Amma ban kwance ta ba, ina jiran abin da za ki ce.

Taki,
Inna

*

Inna,

Ina gaishe ki. Na zauna kamar yadda kika ce, kuma gara da na zauna.

Kek ɗin ungozoma, har yanzu tana sa masa ɓawon lemo tana yanka shi da zare? Kujerar bayan labulen nan ta gidan mai ɗinki kuwa a wajen mahaifiyarta ta gaje ta, na san ta, ƙafarta ɗaya gajeriya ce. Shekarar da Baba ya rasu a kanta nake karyawa. Ni ma cewa suka yi kada in gaya miki, ranki zai ɓaci.

Ki kwance jakar. A nan in na kulle ta a ɗaki, ba ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a buɗe mata. Mu ga abin da zango mai zuwa zai yi, tunda yanzu kowacce ta san ba ita kaɗai ba ce.

Ina nan zuwa ranar hutun duk da haka, ki ce wa Malam ya sa ni a jeri. Ki karɓo makullinki, ki sauko da kaskon nan ki soya wa kanki wani abu.

Ki gaida min ungozoma. Ki ce ta yi haƙuri, na faɗa miki sirrin.

'Yarki,
Auta